Shekaru Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Yadda Za Ka Shawo Kan Ƙwannafi Ka Gyara Cin Abincinka

Yawancin masu yi mini tambaya a kan tiyatar rage ƙiba ba masu shirin yi ba ne. Waɗanda suka riga suka yi ne, shekara uku, biyar, har takwas da suka wuce, wasu a Alƙahira, wasu a Indiya ko Turkiyya, wasu a Legas ko Abuja. Labarin kusan iri ɗaya ne. Ƙiba ta tafi, an yi murna, an kai kaya wurin tela an rage, sai ga ƙwannafi ya zo ya tare a ƙirji. Ruwan tsami yana tasowa da tsakar dare, nama ya daina wucewa, sai kunu da shayi da biskit, ma'auni kuma ya soma hawa a hankali. Likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, na kusa kuma ya ce olsa ce, ya rubuta magani.

Waɗannan matsalolin a igiya ɗaya suke. Ƙwannafi yana kora mutum zuwa abinci mai laushi, mai laushi ba ya riƙe ciki sai a yi ta ciye-ciye, teɓa ta dawo ta matse tumbi, tsami ya ƙaru. Maganin tsamin kuma yana rage shigar wasu sinadaran da tiyata ta riga ta rage shigarsu. Shi ya sa na jera matakan nan yadda na jera su. Kada ka fara daga na takwas don kawai shi ne ke maganar magani.

1. Nemo takardar aikinka

Kafin komai ka san wace tiyata aka yi maka, domin abin da ke haddasa zafin ƙirji ya bambanta.

Idan takardar ta ce sleeve, an yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbinka an cire, aka bar siriri kamar ayaba. Wannan siririn tumbin matsi ne da shi, abin da ya rasa wuri sama yake yi. Ita ce tiyatar da ta fi jawo ƙwannafi, kuma yakan bayyana ko ya tsananta bayan shekaru, ko ga wanda bai taɓa yin sa ba.

Idan ta ce bypass, an yi maka baifas kamar na hanyar mota: an ware ɗan aljihu daga saman tumbi, girmansa bai wuce ƙwai ba, aka haɗa shi da ƙaramin hanji. Wannan yawanci tana rage ƙwannafi. Don haka mai baifas da ke jin zafi a bakin ƙirji ya fara zargin gyambo a wurin ɗinkin da aka haɗa aljihun da hanji. Akwai kuma ƙaramar baifas mai ɗinki ɗaya, wadda abin da ke tasowa a cikinta sau da yawa ruwan madaciya ne, mai ɗaci, launin ɗorawa ko kore, kuma maganin tsami ba ya yi masa sosai.

Idan takardar ta ɓace, rubuta wa asibitin su turo maka bayanin aikin. Ka ɗauki hotonsa a waya, ka ba wani na gida kwafi. Ranar da za a kai ka asibiti cikin gaggawa ba kai ne za ka yi bayani ba.

2. Duba ko kana cikin waɗanda ba sa jira

Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya bar karatun nan ya nufi asibiti: aman jini ko amai mai kama da garin kofi, bayan gida baƙi ƙirin, mai danƙo da wari, abinci yana maƙalewa kuma abin yana ƙaruwa mako bayan mako, rama ba tare da ka nema ba, amai kullum, ciwon ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi tare da gumi da ƙarancin numfashi, wanda zai iya zama zuciya ce.

Mai baifas ya ƙara da wannan: murɗawar ciki mai tsanani da ke zuwa ta tafi, musamman bayan cin abinci. Hanji kan zame ya shiga wani gurbi da tiyata ta bari ya shaƙe, ko bayan shekara goma. Aikin likitan tiyata ne, ba na ruwan zafi da man shafawa ba.

Gargaɗi: idan ka yi mako biyu ko fiye kana amai, ajiyar bitamin B1 da ke jikinka tana iya ƙarewa. Alamunta jiri, tangaɗi, ganin abu biyu-biyu, rikicewar tunani. Idan za a sa maka ƙarin ruwa mai sukari, ka faɗa musu an yi maka tiyatar rage ƙiba, a ba ka B1 kafin ruwan ko tare da shi. Sukari a jikin da B1 ya ƙare yana iya lalata ƙwaƙwalwa.

3. Zazzage jakar magani

Ka juye duk magungunan gidan a kan tabarma, har da na cikin mota da na aljihun jaka. Abin da kake nema shi ne magungunan ciwon jiki masu cin tumbi: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen, da asfirin. Karanta ƙananan rubutun kwali, domin suna ɓuya a ƙarƙashin wasu sunaye. Cataflam diclofenac ne, Feldene piroxicam ne, Ibucap akwai ibuprofen a ciki, garin Alabukun kuma asfirin ne da kafin. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis don gajiya ko ciwon baya kusan ba ya rasa ɗaya daga cikinsu, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone. Ga mai baifas, waɗannan an yi bankwana da su har abada sai da izinin likita. Mai sleeve da ke fama da ƙwannafi shi ma ya nisance su. Don ciwon kai ko ciwon mara, farasitamol ne abokin tafiya, kada ya wuce giram 4 a yini.

Gargaɗi: idan likitan zuciya ne ya ɗora ka a kan ƙaramin asfirin na kullum, kada ka daina da kanka. Koma wurinsa ka faɗa masa tiyatar da aka yi maka, shi zai auna ya haɗa maka da maganin kare tumbi.

Taba da shisha suna cikin manyan masu buɗe gyambo a wurin ɗinki, kuma suna hana shi warkewa. Giya ma haka. Sai kanwa. Na san da yawa daga cikinmu mun taso muna ganin ana jiƙa ta a sha idan ƙirji ya yi zafi, kuma gaskiya tana kwantar da shi na ɗan lokaci. Amma idan ta haɗu da tsamin ciki iska take saki, ƙaramin tumbi kuma ba shi da wurin ajiye iska, ga gishirin da ke cikinta mai tayar da hawan jini. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Haka garin da ake zubawa a ruwa yana tafasa, da duk lemun kwalba mai gas.

4. Yi rubutu na kwana bakwai

Littafin 'yan makaranta ya isa. Kowane abu da ya shiga bakinka ka rubuta lokacinsa, yawansa, ko ka sha ruwa a kai, lokacin da ka kwanta, da lokacin da zafin ya taso. Kada ka gyara komai a wannan makon, kuma kada ka yi wa littafin ƙarya. Gyaɗar cikin mota da cincin ɗin ofis su ma a rubuta. Yawanci kafin mako ya ƙare mutum yakan kama ɓarawonsa da kansa, kuma sau da yawa ba wani abinci ba ne, lokaci ne: tuwon ƙarfe tara da rabi, ko kofin ruwan da ke bin kowace loma.

5. Gyara yadda kake ci kafin abin da kake ci

Nan ne rabin aikin yake, kuma ba ya cin ko kwabo.

Yawa. Bayan shekaru tumbin yakan ɗan saki, ya ɗauki kamar kofi ɗaya, wajen mililita 250, wani har kofi da rabi. Ɗaukarsa ba ya nufin ya dace a cika shi. Ka ware ƙaramin faranti naka, a zuba maka daban. Cin abinci a tire ɗaya da jama'a yana da daɗi da albarka, amma ba za ka san nawa ka ci ba, kuma saurin hannun wasu zai ja ka. Idan zaman biki ne ko sadaka, ka ɗiba a gefe ka zauna tare da su.

Lokaci. Ci uku a yini, da ɗan ƙari ɗaya ko biyu da ka tsara tun da safe. Kowane ci ya ɗauki minti 20 zuwa 30. Idan lokacin ya cika a ɗauke farantin, domin wanda ya yi awa yana tsakura yana iya cinye abincin mutum biyu bai ji komai ba.

Tauna. Mu mutanen tuwo ne, mun saba a yanko loma a dangwala a miya a haɗiye. Wannan al'adar ita ce ta fi wahalar bari. Loma ta zama ƙarama, kamar kan babban yatsa, a tauna har ta narke, a ajiye cokali ko a sauke hannu tsakanin loma da loma.

Alamar tsayawa. Shaƙuwa, gyatsa, yoyon hanci, ko ɗan nauyi a ƙarƙashin ƙashin ƙirji. Da ka ji ɗaya ka tsaya, ko da saura loma biyu. Waɗannan loma biyun su ne za su tashe ka ƙarfe biyu na dare.

Ruwa. Ba a haɗa ci da sha. Ka dakata da sha kamar minti 15 kafin abinci, ka jira minti 30 bayansa. Ruwa a kan abinci a tumbin sleeve sama yake turo shi. A aljihun baifas kuma wanke abincin yake yi ya zuba hanji da wuri, yunwa ta dawo. Tsakanin abinci da abinci ka yi ta kurɓa har ka kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ledar fiyawata uku zuwa huɗu, fiye da haka a watannin zafi. A juye a kofi, domin tsotsa daga leda ko da tsinke tana haɗa maka da iska.

6. Abin da zai hau farantin

Ƙa'idar ita ce mai gina jiki a gaba, ganye a bayansa, tuwo ko shinkafa a ƙarshe idan da sauran wuri. Ana so ka sami aƙalla giram 60 na furotin a yini. Ga yadda lissafin yake a kicin ɗinmu: ƙwai ɗaya wajen giram 6, kifi ko kaza gwargwadon tafin hannunka ba yatsu, giram 20 zuwa 25, kofin madara ko kindirmo wajen 8, rabin kofin dafaffen wake wajen 7, gyaɗa cikin tafin hannu wajen 7. Ƙwai biyu da safe, kifi da rana, alale ko wake da yamma, kindirmo a tsakani, ka kusa cikawa. Cokali uku na madarar gari a cikin kindirmon zai ƙarasa.

Nama shi ne ke korar mutane. Balangu, tsire da kilishi busassu ne, zarensu yana cunkushewa ya tsaya a ƙirji, sai mutum ya ce shi ya daina cin nama. Ba nama ne laifin ba, dahuwa ce. Niƙaƙƙen nama a miya, farfesun kaza da ya dahu ligif ba tare da yaji mai yawa ba, kifi, hanta sau ɗaya a mako, awara dafaffiya a miya maimakon soyayya, duk suna wucewa. Miyar kuka da kuɓewa suna taimaka wa loma ta sulale. Zogale da alayyahu a dafa su su yi laushi.

Gargaɗi ga mai ciki: hanta tana da bitamin A mai yawan gaske, ki bar ta har ki haihu. Kuma ki sanar da masu awo tiyatar da aka yi miki tun zuwan farko. Mai baifas ba a ba ta ruwan sukarin nan na gwajin ciwon sukari, akwai wata hanyar da ake bi.

Yanzu tarkon. Kunu, koko, fura da aka dama da sukari, shayi mai kauri, biskit, cincin, yogot mai zaƙi, ayis kirim: ba sa ciwo, ba sa maƙalewa, shi ya sa mai ƙwannafi yake gudu wurinsu. Amma suna wuce tumbin kamar ba a yi tiyata ba. An gudu ba a tsira ba. Ban ce a haramta kunu ba. A mayar da shi rabin kofi, ba sukari ko kaɗan ƙwarai, kuma a fara cin ƙwai ko wake tukuna.

Masu tayar da tsami sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Waɗanda aka fi kamawa su ne maiƙo da soye-soye irin ƙosai, waina da soyayyar doya, sai attaruhu da yaji, miyar tumatir mai tsami, ɗanyar albasa, kofi, goro, cakulan, na'a-na'a, lemun tsami, tsamiya da zoɓo. Kuskuren da ake yi shi ne a yanke su duka rana ɗaya, a wayi gari babu abin ci sai farar shinkafa. Ka koma littafinka, ka cire biyu ko uku da ka fi zargi na mako biyu, sannan ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai yi maka komai ba ka ci abinka.

Idan bayan minti 10 zuwa 30 da cin zaƙi ko maiƙo kana jin bugun zuciya, gumi, murɗa da gudawa, abinci ne ya afka hanji da sauri. Idan kuma bayan awa ɗaya zuwa uku ne kake jin rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa da duhun gani, sukarin jini ne ya faɗi, kuma wannan yakan fara ne shekara ɗaya ko fiye bayan baifas. Ka auna idan kana da na'ura. Ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ka sha sukari ƙwaya uku ko huɗu a ruwa kaɗan, ka sake aunawa bayan minti 15, sannan ka bi da gyaɗa ko ƙwai. Idan ka tsaya a kan zaƙin kaɗai zai sake faɗuwa. Kada ka tuƙa mota ko babur a wannan hali. Idan abin yana maimaituwa, likita ya sani.

7. Dare da shimfiɗa

Awa uku tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. Ga mai kwanciya ƙarfe goma, abincin dare ya ƙare kafin bakwai, wato a ci kafin Magariba ko da an idar da ita, ba bayan Isha'i ba. A gidan da ake jiran maigida ya dawo kafin a ci tuwo, sai an zauna an yi magana, ko ka ci naka da wuri ka zauna da su da hira. Babban ci ya koma rana. Kishingiɗar bayan Azahar ma ƙa'idar ta shafe ta.

Ɗaga kan gado da santimita 15 zuwa 20. Bulo mai inci 6 a ƙarƙashin kowace ƙafar gado ta wajen kai ya gama aikin. Mai kwana a katifa a ƙasa ya sa faffaɗan katako ko naɗaɗɗun barguna a ƙarƙashin rabin katifar na sama, ta yi gangare tun daga ƙugu. Tara filo uku a ƙarƙashin kai ba ya yi, lanƙwasa mutum yake yi ya ƙara matse ciki. Kwanciya ta gefen hagu tana rage tasowar tsami. Wanda ya saba farawa da dama don sunna ya fara da ita ya yi addu'o'insa, sannan ya juya. A sassauta mazagi da bel, mata kuma a bar ɗamarar matse ciki.

8. Maganin tsami da yadda ake shan sa

Manyan magungunan su ne omeprazole, esomeprazole, pantoprazole, rabeprazole da lansoprazole. Suna rufe famfunan da ke fitar da tsami, amma sai famfunan sun tashi aiki maganin yake kama su. Don haka ana sha minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ciki ba komai. Mai shan sa bayan abinci, ko sai zafi ya taso, ya ɓata kuɗinsa ya kuma ce magani ba ya aiki. Akan fara da sau ɗaya a yini na mako takwas. Idan bai isa ba likita kan mayar da shi sau biyu, na biyun kafin abincin dare.

Mai baifas ya tambayi likita ko ya riƙa buɗe kafson yana zuba 'yan ƙwayoyin ciki a cokalin kindirmo, domin kafso yana iya wuce ɗan aljihun bai narke ba. A haɗiye ƙwayoyin, ba a taunawa. Mai shan clopidogrel, maganin hana jini daskarewa, kuma ya faɗa, domin omeprazole da esomeprazole suna rage masa ƙarfi, akan canza zuwa pantoprazole.

Na taimako: Gaviscon yana yin kumfa a saman abinci ya tare hanya, ana shan sa bayan ci da lokacin kwanciya. Gestid da farin ruwan nan na Mist Mag suna kashe zafi nan take, amma ba sa warkar da komai. Wanda ke shanye kwalba a mako yana rufe wuta da zani ne. Famotidine da dare yana taimaka wa wasu. Ranitidine kuwa an janye shi daga kasuwannin ƙasashe da yawa a 2020, idan ka ga ragowarsa a kanti ka wuce.

Gargaɗi: idan ka yi watanni kana sha, kada ka yanke rana ɗaya. Tsami yana dawowa da ƙarfi na 'yan makonni, sai ka ɗauka ciwon ne ya tsananta. A rage a hankali tare da likita, rabi, sannan yau a sha gobe a huta. Wasu masu sleeve za su zauna a kan maganin shekaru, kuma ba laifi ba ne matuƙar ana bin mataki na gaba.

9. Bitamin da jadawalinsu

Yawancin masu tambayata sun daina shan bitamin tun shekara ta biyu, saboda sun ji garau. Matsalar ita ce hanta tana ajiye B12 na shekaru, sai ajiyar ta ƙare alamun ke fitowa: kasala, mantuwa, tafin ƙafa yana zafi ko yana bacci, zubewar gashi, ƙarancin jini. Idan jijiya ta daɗe da lalacewa ba lallai ta dawo daidai ba. Maganin tsami kuma yana ƙara rage shigar B12, sinadarin ƙarfe, kalsiyam da magnesiyam.

Abin da aka saba ɗora mutum a kai har ƙarshen rayuwa: cikakken haɗin bitamin kullum, B12 na baki mikrogiram 350 zuwa 1000 a yini, ko allura duk wata ɗaya zuwa uku, kalsiyam miligiram 1200 zuwa 1500 a yini, har da wanda ke cikin abinci, bitamin D wajen IU 3000, ƙarfe miligiram 45 zuwa 60 ga mai baifas da macen da ke al'ada. Sakamakon gwajin jininka shi zai sa likita ya ƙara ko ya rage.

Wajen sayen kalsiyam ka duba kwali. Mai citrate ba ya buƙatar tsami kafin ya narke, shi ya fi dacewa da kai. Mai carbonate ya fi araha kuma shi ya cika kasuwa, idan shi ka samu ka sha shi tare da abinci. Jiki ba ya ɗaukar fiye da 500 zuwa 600 a lokaci guda, don haka a raba. Kalsiyam da ƙarfe kishiyoyi ne, a sa awa biyu tsakaninsu. Shayi, madara da maganin kashe zafin ƙirji irin su Gestid su ma suna tare ƙarfe.

Jadawalin da ke aiki: da Asuba maganin tsami, da karin kumallo haɗin bitamin, da rana kalsiyam, bayan La'asar ƙarfe da ruwa ko ɗan gwaba, da abincin dare kalsiyam. Kada a sha ƙwayar ƙarfe a kwanta, tana ƙona bututun abinci idan ta tsaya. Tana baƙanta bayan gida, amma ba ta sa shi danƙo da wari irin na jini. Ƙananan ƙwayoyin folik asid da bi-kwamfles da ake ba masu ciki ba sa maye gurbin B12.

10. Gwaje-gwaje da lissafin kuɗi

Sau ɗaya a shekara: ƙidayar jini, feritin, B12, folet, bitamin D, kalsiyam, aikin hanta da ƙoda, HbA1c mai nuna matsakaicin sukarin jini, da magnesiyam idan kana kan maganin tsami. Mai baifas a ƙara PTH, wato sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini, da zinc da copper. Feritin shi ne ke nuna ajiyar ƙarfe, yana iya faɗuwa alhali PCV, wato awon yawan jini, yana nan lafiya, don haka kada a sallame ka da cewa jininka ya isa.

Gwajin ƙwayar H. pylori, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu kuma tana jawo gyambo. Na bayan gida ya fi na jini, domin na jini yana nuna ko tsohuwar da ta mutu. Dole a dakatar da omeprazole da 'yan'uwansa mako biyu kafin gwajin, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, in ba haka ba sakamako zai ce babu alhali akwai. Idan an same ta, maganin kwana 14 ne, a shanye duka, a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu.

Sai leƙen ciki da kyamara, endoskofi. Ƙungiyoyin likitocin wannan tiyata suna ba da shawarar mai sleeve ya yi shi idan ya kai wajen shekara uku, ko ba ya jin komai, domin tsami yana iya canza fatar bututun abinci shiru, abin da ake kira Barrett, kuma kaɗan daga cikin masu shi yana juye musu zuwa daji. Ana yi a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da wasu asibitocin kuɗi. Za ka je ba ci na awa shida zuwa takwas, aikin kansa bai fi kwata ba. Ka tafi da takardar tiyatarka da ɗan rakiya, ka karɓi rahoto da hotuna ka adana. Idan zafin a gefen dama yake ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo, a yi hoton ciki a duba tsakuwar madaciya, domin saurin rama yana haifar da ita.

Ta fuskar aljihu, omeprazole, ƙwayar ƙarfe da allurar B12 ba su da tsada. Masu cin kuɗi su ne endoskofi, gwajin bitamin D da B12, kalsiyam mai citrate, Gaviscon, da bitamin na musamman da ake shigowa da su, waɗanda farashinsu ke bin dala. Idan kuɗi bai kai ba, ga yadda zan jera: B12 da ƙarfe da haɗin bitamin, sai ƙidayar jini da feritin, sai tara kuɗin endoskofi. Garin furotin na gwangwani shi ne farkon abin da zan yar, ƙwai da wake da madarar gari suna yin aikinsa. Sayi magani a kantin da ke da rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai inshorar lafiya ya nemi takardar turawa kafin ya biya daga aljihunsa.

11. Watan azumi

A shekarar farko bayan tiyata likitoci kan hana azumi. Bayan shekaru, mutane da yawa suna iya yi, amma mai gyambo, mai faɗuwar sukari, mai amai, ko mai tsakuwar ƙoda ya ga likita tun cikin Sha'aban, ya kuma ji ta bakin malami a kan rangwamen da aka yi wa marar lafiya.

Buɗa-baki shi ne wurin faɗuwa: dabino bakwai, kunu da sukari, ƙosai, zoɓo mai sanyi, duk a cikin minti goma. Ka sha ruwa da dabino ɗaya da 'yan kurɓi, ka tashi ka yi Magariba, ka ci gaba da kurɓa, sannan ka dakata ka ci ɗan abinci mai furotin. Kada ka cika ciki kafin Asham, ruku'u da sujada za su dawo maka da shi. Bayan Asham ruwa, ƙwayar ƙarfe, da ɗan ci na biyu idan da sauran awanni kafin barci. Maganin tsami minti 30 kafin sahur, wato ƙararrawarka ta riga ta gida. Sahur ƙwai, wake ko kindirmo, tare da kalsiyam, kuma yawancin ruwan a sha shi kafin abincin. Bayan Asuba kada ka koma shimfiɗa, ka zauna da karatunka har gari ya waye. Idan barci ya ci ƙarfinka, a kujera, a jingine.

12. Idan an bi komai bai lafa ba

Ka ba matakan nan wata biyu zuwa uku da gaske. Idan har yanzu tsami yana tashinka da dare, kana shaƙewa, murya tana dushewa, tari ba ya ƙarewa, ko kana kan magani sau biyu a yini ba sauƙi, to wataƙila matsalar ta gini ce: saman tumbin ya zame ya haura ƙirji, ko sleeve ɗin ya ƙuntace ko ya murɗe a tsakiya, ko samansa ya buɗe ya zama jaka. Abinci ba ya gyara waɗannan. Za a yi endoskofi da hoton da ake shan farin ruwa ana ɗauka, wani lokaci da awon tsami na awa 24. Gyaran da aka fi yi wa mai sleeve shi ne a mayar da ita baifas, a ɗinke gurbin da tumbin ya zame ta ciki. Aiki na biyu ya fi na farko wuya, don haka ka nemi likitan da wannan ne fanninsa, ka tambaye shi sau nawa ya yi irinsa, da kuma wanda zai riƙa duba ka bayan ka dawo gida. Ranar ganinsa ka tafi da takardar tiyatar farko, rahoton endoskofi da hotunansa, sakamakon jini na ƙarshe, littafin nan na kwana bakwai, da ledar magungunanka gaba ɗaya.